Awon Bakin Bindiga da Tarihin Ƙasar Kano

Wanda duk ya bi hanyar Zariya zuwa Kano, in ya kawo wajen Kura da Bunkure, ba abin da zai gani sai gonakin shinkafa da alkama da tumatir, suna shan ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. To, yamma da Bunkure akwai Bebeji, inda igwa ta fasa ƙofar gari ran 1 ga Fabrairu, 1903. Ku 'yan makaranta kun sha jin labarin zuwan Turawa, amma akwai wani ɗan abu cikinsa wanda ba a cika faɗa muku ba, watau awon bakin bindiga.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna an kawo ta daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, Babba Zaki kuwa (1768 zuwa 1776) shi ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Irin ta wancan zamani ita ce bindigar toka. Ta baka ake ɗura mata albarushi, a bi da harsashi, a danna da sanda, ƙanƙara ta ba da wuta. Cikinta sumul yake kamar gora.

Turawan Ingila da ke ƙera irinta da ma'auni suke auna bakinta. Sai a sami laba guda ta dalma, a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida. In dunƙule 12 suka fito, kowanne kuma ya cika bakin bindiga cif, sai a kira ta mai lamba 12. In 20 suka fito, lambarta 20. Kun ga ke nan, yawan lamba ƙanƙantar baki. Har yanzu haka ake kiran bindigogin harbin tsuntsu.

Amma fa ba a sa mata harsashin da ya cika bakin nan cif, gama in an yi harbi biyu ko uku tokar albarushi takan liƙe a ciki, hanya ta tsuke. Saboda haka akan rage shi, ya shiga da sauƙi. Illar wannan ita ce, ƙarfin wuta yakan zurare ta gefe, harsashi ya fita yana kaɗawa, da wuya ya sami abin da ya wuce yadi 100. Maharba ma sukan ɗura guntayen ƙarfe ko tsakuwa, in kuwa aka cika mata ciki fiye da kima, ta tsage a hannun mai ita. Don haka sarakuna suka fi dogara ga doki da mashi da kibiya.

Cikin ƙarni na 19 al'amari ya sake a Turai. Aka yawaita yi wa cikin bindiga tsagi mai murɗiya, domin harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak. Aka haɗa albarushi da harsashi cikin kwanson tagulla guda, ana sa shi ta baya. Wannan dabara ba ta yiwuwa sai harsashi ya kama tsagin nan sosai, saboda haka aka koma awo da inci, aka kasa shi kashi 1,000. Bindigar Martini-Henry ta 1871 faɗin bakinta kashi 450 ne, wadda sojan Ingila suka ɗauka a 1888 kuwa kashi 303. Awon nan tsakanin tudu da tudu ne. Tsakanin kwarin tsagi da kwarin tsagi ya ɗan fi haka, harsashin kuma da kwarin ake daidaita shi. Maƙeri in yana son ya tabbata, sai ya tura dalma mai taushi ta ratsa cikin bindigar, ta ɗauko siffarsa, sa'an nan ya auna ta.

Daga nan kowace bindiga ta zama sai da nata harsashi. In ya yi kauri ta fashe, in ya yi siriri ya ɓace hanya. Wanda ya riƙe harsashi shi ya riƙe bindiga. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Birasal, suka hana sayar da sababbin bindigogi a yawancin Afirka, suka bar ta toka kaɗai. Samori, wanda ya daɗe yana yaƙi da Faransa har suka kama shi a 1898, ya gane wannan tarko. Ya sa maƙeransa suka kwaikwayi bindigar Gras mai baki milimita 11, suna kuma sake cika kwanson da aka harba.

To, ku dubi abin da ya faru a nan gida. Ran 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja wajen 700, da igwa 4 masu baki milimita 75, da bindiga mai ruwa 4. Ya ci Bebeji, ran 3 ga Fabrairu ya shiga Kano, alhali Sarki Alu yana can ƙasar Sakkwato da manyan mayaƙansa. A ƙarshen watan Waziri Ahmadu ya gamu da su a Kwatarkwashi, dawaki suka yi ta sukuwa cikin ruwan harsashi har ya faɗi. Mazajen nan ba su rasa zuciya ba ko kaɗan. Abin da ya kā da su an shirya shi tun a maƙera, inda harsashi dubu ke fitowa ba wanda ya ɗara wani da ƙwayar gero.

Saboda haka, in malami ya miƙa muku abin awo ya ce ku kasa inci, kada ku raina aikin. Da irin awon nan aka fitar da gangaren hanyoyin ruwa daga Tiga zuwa gonakin Kadawa da Bunkure, yadda ruwa zai tafi da kansa har ya iske manomi. Allah ya sa iliminku ya zama na raya ƙasa, amin.