APK: mene ne shi, kuma ina haɗarinsa?

A nan Zango, da yawanmu ba ma sauke manhaja daga Play Store, don mega na da tsada. Aboki ne zai turo mana ta Xender, ko mai gyaran salula a Kasuwar Dole ya saka mana. Irin wannan fayil shi ake kira APK. Android bai hana shi ba, tunda salula ta mai ita ce.

Amma fa ba mu san hannun da ya bi ba. Wani yana ɗauke da birus mai karanta saƙonni, har da lambobin sirrin kuɗi. Masu GB WhatsApp kuwa, ana iya rufe musu lamba.

Tun 2017 akwai Play Protect mai binciken manhajoji, kada mu kashe shi. In manhajar tocila ta nemi ganin saƙonninmu, mu goge ta.