Daga Fatauci Zuwa Fasa-ƙwauri: Takarda da Ƙaramin Ɗan Kasuwa a Garwa

Kafin zuwan Turawa, bafataken da ya taso daga Kano ko Yola zuwa Garwa ya san abin da ke kansa: kuɗin fito a mashigin Binuwai, da gaisuwar Lamiɗo, da la'adar fatoma mai masauki. Nauyi ne, amma sananne, kuma ana daidaitawa baki da baki.

Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingilishi, Garwa kuwa ta faɗa rabon Jamusawa, waɗanda suka ci garin da yaƙi a 1901. Hanya ɗaya ta zama ta ƙasashe biyu. Ɗalibi ya lura da abin da ya sami kalmomi a nan: mutumin bai sauya ba, jakinsa ma bai sauya ba, amma wanda ake kira farke jiya ya wayi gari ɗan fasa-ƙwauri idan bai bi ta kwastan ba.

Bayan an kori Jamusawa daga Garwa a 1915, Faransawa suka zo da mulkin takarda. Akwai *patente*, wato lasisin ciniki, akwai takardar izinin tafiya, ga kuma dokar *indigénat* da ta ba jami'in mulki ikon cin tara ko ɗauri ba tare da shari'a ba, har zuwa 1946. A ganina, ba yawan kuɗin ne ya fi ciwo ba. Kamfanin Bature da ke lodin gyaɗa a tashar jirgin ruwa yana da akawu mai Faransanci. Mai koli da ya yi karatun allo ba shi da kowa, sai tafinta, shi ma sai an ba shi na goro.

'Yancin kai na 1960 bai rage takardun ba, ko da yake Shugaba Ahmadu Ahijo haifaffen Garwa ne. Harkar auduga ma an killace ta: kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, shi kaɗai ke da ikon sayen ta a hannun manoma, don haka dillalin ƙauye ba shi da gurbi a ciki.

Tura ta kai bango a 1991, lokacin zanga-zangar *villes mortes*, inda aka rufe kasuwanni, 'yan kasuwa da dama suka ƙi biyan haraji. Janet Roitman ta nazarci wannan bijirewa a littafinta *Fiscal Disobedience* na 2005. Daga baya gwamnati ta fito da *impôt libératoire*, dunƙulallen haraji na ƙananan masu sana'a, amma kuɗin rumfa da shingayen jandarmomi suna nan daram. Karya darajar sefa a 1994 ta ƙara tsadar kaya, kuma har yau ana jera kwalaben fetur ɗin Nijeriya, wanda ake kira *zuwa-zuwa*, a bakin titunan Garwa, sau da yawa a idon jami'an da aka ɗora wa hana shi.