Dala, Tamma da Wuri: Tarihin da ke Kwance Cikin Ƴan Canji

Duk ɗan Nijar da lissafi biyu ya tashi. A aji muna koya wa yaro ya rubuta 100 F, a Babbar Kasuwar Yamai kuma mai tumatir ta ce masa dala ashirin. Ya rubuta 1000 F, a gida a ce jika guda. Shekaru nake koyar da wannan raba-da-biyar, kuma da wuya littafin aji ya gaya wa yaro daga ina dala ta fito.

Kafin dala, wuri ne kuɗinmu. Kalmar "kuɗi" kanta jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibas na tekun Indiya ake kwaso shi, ya sha hannun fatake kafin ya iso ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala guda ta azurfa. Ku dubi wahalar mai sayen doki: sai an ɗauko masu ƙirga, an shimfiɗa tabarma, an wuni.

Dalar da ta fi suna ita ce mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda kakanninmu ke kira liyari. Nauyinta wajen giram 28. Abin da ya kamata mai tara kuɗin da ya sani: sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar, don ƴan kasuwar Afirka da Larabawa ba su yarda da wadda aka sauya wa kama ba. Saboda haka in wani ya nuna maka liyari ya ce ta haura shekara 240, kada ka yi saurin zaro kuɗi. Da yawa daga cikinsu ma sun ƙare a wutar maƙeran farfaru, sun koma awarwaro da zobba.

Da Faransawa suka zo da babban sulensu na azurfa na tamma biyar, mutane suka ga ya yi kama da dalar da suka sani, sai suka laƙaba masa sunanta. Azurfar ta tafi, sunan ya zauna. Yau ƴar jar kwandalar da ko alawa da ƙyar take saye ita ke ɗauke da sunan kuɗin da ya taɓa sayen wuri dubu biyu da rabi.

An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. A kan tamma guda da tamma biyu na sanholo na 1948 akwai kan mace mai wakiltar Faransa a gefe ɗaya, kan barewa a ɗaya gefen. Na bayan ƴancin kai suna ɗauke da sunan bankin BCEAO da tambarinsa, wanda yara ke ɗauka kifi ne kawai, alhali siffar ma'aunin zinare ne na mutanen Akan. Ajiye waɗannan biyun gaban ɗalibi, ka tambaye shi me ya sauya, me bai sauya ba, barewar dai tana nan. A ganina wannan ya fi shafi uku na hadda.

Haka ta dala hamsin mai launi biyu ta 1992, wadda masu tebur kan ƙi karɓa ko da yake halastacciya ce, da ta dala arba'in da ta dala ɗari da suka fito a 2003. Tsakaninsu akwai karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, wadda iyayenmu ba su manta ba. Masu dangi a Maraɗi ko Birnin Ƙonni kuma ba za su rasa anini mai huda a tsakiya da rubutun Larabci ba, da kwabo da sisi da sule na kafin naira ta zo a 1973. Har yau muna cewa "ba ni da ko anini", yaranmu kuwa ba su taɓa ganin anini ba.

Ban ɗauki wannan sha'awa hanyar arziki ba, kuma ina roƙon iyaye kada su nuna wa yaro haka. Masu damfara da tsofaffin kuɗi sun ishe mu. Amfaninta shi ne ba ta buƙatar jari: gwangwanin madara, ƴan takardun naɗewa, da littafin da yaro zai rubuta shekara, ƙasa, da wanda ya ba shi. Wannan na ƙarshen shi na fi ba muhimmanci, don in kaka ta buɗe tsohuwar kumbonta, labari ke biyo kwandalar. Kada a goge da toka ko lemun tsami, gogewa na cinye rubutu.

Abin da ke damuna shi ne lokaci. Tamma guda ta riga ta ɓace daga kasuwa, dala na bin sawunta. Mai shago na ba da alawa madadin canji, manyan kuɗi kuma ta waya suke yawo. Ga maganar sabon kuɗi da ake ta yi, ko eko na Afirka ta Yamma ko na ƙawancen ƙasashen Sahel. Duk ranar da aka yi sauyi, abin da ke aljihunmu yau zai koma banki ko hannun ƴan gwangwan cikin ƴan watanni, kamar yadda wuri ya koma kayan ado.

BCEAO na da gidan tarihin kuɗi, amma a Dakar yake, kuma ɗalibaina ba za su je Dakar ba. Gidan Tarihi na Boubou Hama, da aka kafa a 1959, shi ne kusa, kuma ya kamata kowace makaranta ta kai yaranta. Kafin nan, a ajina mun ware kwali guda a cikin kabad. Kowane yaro da ambulan ɗinsa, kuma sharaɗin ɗaya ne: ba a kawo kwandala sai da iznin mai ita.