Abuja a Suleja Take Kwana

Da yawa cikin yaranmu ba su san garin nan da muke zaune shi ne Abuja ta asali ba. Bayan jihadi ya fitar da Sarkin Zazzau Makau daga Zariya, ƙaninsa Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, ya kewaye shi da ganuwa. Kusan shekara 150 da sunansa ake kiran garin.

A 1976 Janar Murtala ya karɓi shawarar kwamitin Mai Shari'a Aguda, aka yanke a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Masarautar nan ta ba da ƙasa mai yawa, ta ba da sunan ma, garin ya koma Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan FCDA a nan suka fara sauka, shi ya sa har gobe muke da unguwar Fil Bes.

To, ga inda gizo ke saƙar. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 a bakin iyaka ta tsaya, mu kuwa muna Jihar Neja, babu mu a ciki. Gidajen da aka gina a can kuma ba na aljihun birkila ko direba ko masinja ba ne. Ina za su kwana? Sai Suleja. Da gwamnati ta tare a Disambar 1991 jama'a suka kwararo, rusau na zamanin El-Rufa'i, daga 2003 zuwa 2007, ya ƙaro wasu. Gonakin Madalla da Kwamba da Gauraka suka zama fuloti. Mai gona da dillali su ne suka zama masu tsara gari, da igiya da turke. Layin da mota za ta bi, lambatu, filin makaranta, makabarta, wa zai bari alhali ga mai saye tsaye da kuɗi a hannu? Damina ce ke tona mana wannan asirin kowace shekara.

Ba mu kaɗai ba ne. Da Barazil ta gina Barasiliya, leburorin da suka yi aikin a garuruwan gefe irin su Taguwatinga suka ƙare.

Mu 'yan kasuwa mun ci riba, Alhamdu lillahi, haya da ciniki sun buɗe. Amma ku duba sahun Asuba ranar Litinin: ana sallamewa rabin masallaci ya tashi neman motar Zuba. Ƙarfinsu a Abuja yake ƙarewa, ruwan shansu da shararsu da karatun 'ya'yansu kuwa suna wuyan Suleja.