Wa ke biyan kuɗin kishin ƙasa? Rabuwar Bengal ta 1905 a fim ɗin Ghare Baire na Satyajit Ray

1. Gabatarwa

In aka ce fim ɗin Indiya a Maraɗi ko Damagaram, abin da ke zuwa a rai shi ne finafinan Bombay na harshen Hindi, masu waƙa da rawa. Amma birnin Kalkata yana da tasa silima mai magana da harshen Bengali, wadda ta fi jingina ga adabi da tarihi. Wannan takarda za ta dubi ɗaya daga cikin ayyukanta, wato Ghare Baire (1984) na Satyajit Ray, ma'ana "a gida da waje", wanda aka ɗauko daga littafin Rabindranath Tagore na 1916 mai wannan suna. Abin da muke son nunawa shi ne, Ray ya karanta tarihin 1905 da idon mutumin da ya ga 1947, kuma dalili ke nan ya rufe ƙarshen labarin da Tagore ya bari a buɗe.

2. Rabuwar 1905 da yunƙurin swadeshi

Ran 16 ga Oktoba 1905, Lord Curzon, wakilin Sarkin Ingila a Indiya, ya raba lardin Bengal gida biyu. Hujjar gwamnati ita ce lardin, mai mutane wajen miliyan 78, ya fi ƙarfin hukuma guda. Sabon lardin Gabashin Bengal da Assam, mai hedkwata a Daka, ya samu mutane kimanin miliyan 31, cikinsu Musulmi miliyan 18 da mabiya addinin Hindu miliyan 12. Ƴan bokon Kalkata, waɗanda akasarinsu Hindu ne, sun ɗauki wannan a matsayin dabarar raba kawuna don karya lagonsu.

Tun ran 7 ga Agusta 1905 wani babban taro a Kalkata ya yanke shawarar ƙaurace wa kayan Ingila, musamman yadin Manchester da gishirin Liverpool. Yunƙurin ya ɗauki sunan swadeshi, wato "na ƙasarmu". Tagore yana cikin na gaba-gaba: ya tsara waƙoƙi, ciki har da wadda ta zama taken Bangladesh bayan 1971.

Sai dai akwai wata ƙura a ƙasa. Tun tsarin harajin filaye na 1793, mallakar gonaki ta tattaru a hannun masu ƙasa da ake kira zamindar. A gabashin Bengal yawancinsu Hindu ne, alhali mafi yawan manoman da ke biyan su galla Musulmi ne. Yadin gida ya fi na Manchester tsada, don haka ƙauracewar ta fi cin talaka. Ga shi kuma an ɗora yunƙurin a kan alamomin addinin Hindu, kamar kirarin Bande Mataram da ke siffanta ƙasa da abin bauta mace. A Disamba 1906 aka kafa jam'iyyar Muslim League a Daka, a 1907 kuma rikici ya ɓarke tsakanin al'ummomin biyu a Comilla da Jamalpur. A wannan tsakanin ne Tagore ya janye jiki. Littafinsa na 1916 hisabi ne da ya yi wa yunƙurin da shi kansa ya taɓa yi wa waƙa.

3. Mutum uku, hanya biyu

Labarin fim ɗin yana gudana a 1907 a gidan Nikhil, wani zamindar mai ilimin zamani. Yana so matarsa Bimala ta fito daga kulle ta ga duniya, don soyayyar da take yi masa ta zama ta zaɓi. Ya ɗaukar mata malama Baturiya, Miss Gilby, sannan ya gabatar da ita ga abokinsa Sandip, jagoran swadeshi mai zaƙin baki. Ray ya ɗauki lokaci yana nuna tafiyar Bimala cikin dogon barandar da ta raba cikin gida da ɗakin baƙi. Masanin tarihi Partha Chatterjee ya bayyana a 1993 yadda masu kishin ƙasa na Bengal suka raba rayuwa zuwa "gida", inda aka ɗora wa mace tsaron al'ada, da "waje", fagen maza da siyasa. Wannan baranda ita ce iyakar.

Saɓanin mazan biyu a kan kasuwa yake. Sandip yana so Nikhil ya hana sayar da kayan waje a kasuwar ƙasarsa. Nikhil, wanda ya riga Sandip gwada sana'o'in gida har ya yi asara, ya ƙi, domin ƴan tireda Musulmi ne matalauta da ba su da wani jari sai wannan kaya. Da lallashi ya gaza, yaran Sandip suka koma ƙona kaya da nutsar da jirgin ruwan wani ɗan kasuwa. Shi kuwa jagoran bai iya rabuwa da taba sigarin Turawa ba. Wani ɗalibi ya jefi Miss Gilby da dutse, ta bar garin.

Nan soyayya da siyasa suka cuɗe. Sandip ya ɗaukaka Bimala, ya mayar da ita alamar ƙasa uwa, ita kuma ta kasa bambance son mutumin da son abin da yake kira gare shi. Har ta saci tsabar zinariya daga akwatin ƙarfen gidan mijinta ta ba shi. Sai a hannun Amulya, matashin almajirinsa mai gaskiya, ta gane inda kuɗin ke tafiya. Yadda Sandip ya yi amfani da Bimala, haka ya yi da talakawa: ya kira su da babban suna, ya karɓe abin hannunsu.

Wajibi ne mu lura cewa Nikhil ma bai kuɓuta ba. Ƴancin da ya ba matarsa gwaji ne da shi kaɗai ya tsara, kuma adalcinsa ga manoma adalcin mai ƙasa ne ga talakawansa. Yana da gaskiya, amma ba shi da jama'a.

4. Abin da Ray ya sauya

Tagore ya gina littafin a kan muryoyi uku, kowa na ba da nasa labari. A ƙarshe, bayan Sandip ya gudu, Nikhil ya hau doki don kashe wutar rikici, aka dawo da shi da mummunan rauni a ka, ba a faɗi ko ya rayu ba. Ray ya buɗe fim ɗinsa da harshen wuta da muryar Bimala tana tuna baya, ya kuma rufe shi da gawar Nikhil, yayin da suturar Bimala ke rikiɗa a gaban mai kallo zuwa farin zanen matar da mijinta ya mutu.

Muna ganin tarihi ne ya jawo wannan sauyi. Lokacin da Tagore ke rubutu, an riga an soke rabuwar tun 1911, shekarar da aka sanar da mayar da babban birni daga Kalkata zuwa Delhi, saboda haka akwai sauran fata. Ray kuwa, wanda aka haifa a 1921, ya yi karatu a makarantar Tagore ta Santiniketan daga 1940 zuwa 1942, ya rubuta tsarin farko na wannan fim cikin shekarun 1940, amma aikin ya wargaje. A waɗannan shekaru ne aka yi kashe-kashen Kalkata na Agusta 1946, aka kuma sake raba Bengal a 1947 tsakanin Indiya da Pakistan, miliyoyi suka yi hijira. Da ya dawo ga labarin bayan kusan shekara 40, tarihi ya riga ya amsa tambayar. Ciwon zuciya ya kama shi a 1983 ana cikin aikin, ɗansa ya taimaka aka kammala, aka nuna fim ɗin a gasar Cannes ta 1984.

Kwatanci da Ritwik Ghatak zai ƙara haske. A Meghe Dhaka Tara (1960) da Komal Gandhar (1961), Ghatak ya nuna rayuwar ƴan gudun hijira bayan 1947, wato ya fara daga raunin. Ray ya koma baya yana neman inda aka wasa wuƙar.

5. Kammalawa

An daɗe ana zargin wannan labari da rage wa kishin ƙasa daraja. A 1922 Georg Lukács ya soki littafin, yana ɗaukar sa a matsayin izgili ga Gandhi, alhali Gandhi bai dawo Indiya daga Afirka ta Kudu ba sai 1915, shekaru bayan zamanin da labarin ke magana a kai. Wani ɓangare na sukar yana da tushe: Sandip ya cika muni, kuma bai wakilci dubban da suka shiga swadeshi da zuciya ɗaya ba. Haka nan manoman Musulmi, waɗanda a kansu ake gardamar, da ƙyar ake jin muryarsu a fim ɗin. Mai nazarin tarihi zai so ya haɗa shi da littafin Sumit Sarkar na 1973 a kan yunƙurin. Duk da haka, Ghare Baire ya bar wa mai nazarin gwagwarmayar neman ƴanci tambaya mai amfani: in shugabanni suka yi kiran sadaukarwa da sunan ƙasa, daga aljihun wa za ta fito, kuma an shawarce shi?