Kamfanonin Jamus Bayan An Ci Ƙasarsu Da Yaƙi

Kafin shekarar 1914 Jamusawa suna cikin manyan Turawan ciniki na Nijeriya. Waɗanda suka fi shahara su ne kamfanin G. L. Gaiser da na Witt da Büsch, dukansu na birnin Hambug, sun kuwa kafu a Ikko tun cikin ƙarni na 19. Galibin ƙwallon kwakwar manja da ake fitarwa daga Kudu, Jamus ake kai shi a tatse mai. Ana nan sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, har a 1913 aka fitar da fiye da tan 19,000 zuwa ƙasashen Turai.

Da yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Jamus cikin watan Agusta 1914, sai Gwamnati ta kama Jamusawan da ke ƙasar, ta kulle kantunansu. A watan Nuwamba 1916 aka yi gwanjon gidajensu da filayensu a birnin Landan. Wannan gwanjo sai da ya ta da ƙura a Majalisar Ingila. Wani wakili mai suna Edward Carson ya ce kada a sayar wa kowa sai Ingilishi. Gwamnati kuwa ta ƙi, don tana tsoron in an hana baƙi saye, 'yan kamfanoni kaɗan za su riƙe ciniki duka, su yanka wa talakawa kuɗin da suka ga dama. Gwamnati ta rinjaya da aka jefa ƙuri'a, amma da yawa cikin mutanenta sun juya mata baya, ba a yi wata guda ba Firayim Minista Asquith ya sauka.

To, abin da aka ji tsoro bai fasa aukuwa ba. Faɗuwar wani tashin wani. Kamfanonin Ingila suka yi ta haɗiye juna: a 1920 kamfanin Lever ya saye kamfanin Neja, a 1929 kuma aka haɗa shi da wani babba aka kafa U.A.C. Manomin Ƙiru ko na Tudun Wada ko na Doguwa bai san Hambug ba, amma abin ya shafe shi, gama in masu saye sun yi yawa gyaɗa takan yi daraja, in kuwa sun haɗa baki sai abin da suka faɗa. Duk da haka waɗansu 'yan ƙasa sun sami hanya. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya shiga saya wa kamfanin Neja gyaɗa a 1918, kafin rasuwarsa a 1955 kuwa ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

Jamusawa ba su fid da rai ba. Manyan gonakinsu na Kamaru ta Kudu, wadda a lokacin ake mulkinta tare da Nijeriya, an yi gwanjonsu a Landan a 1924, sai ga shi masu su na dā sun fanshi galibinsu. Gaiser ma ya komo Ikko. Da yaƙin Hitila ya tashi a 1939 aka sāke ƙwacewa. Wannan karo ba a mayar ba, aka danƙa gonakin ga wata hukuma ta Gwamnati wadda ta fara aiki a 1947.

A can Jamus kuwa hukuncin ya fi tsanani bayan 1945, domin manyan masana'antu sun ƙera wa Hitila makamai, sun kuma sa fursunoni aikin tilas, da yawa suka mutu a bakin aiki. Alfried Krupp, mai masana'antar ƙarfe ta birnin Essen, an yanke masa ɗaurin shekara 12 a 1948, aka ƙwace dukiyarsa. Kamfanin I. G. Farben mai yin magunguna da rini aka farfasa shi, aka fitar da Bayer da BASF da Hoechst. Masana'antar motoci ta Volkswagen ta zauna hannun sojan Ingila har 1949.

Amma ba a daɗe ba gaba ta shiga tsakanin Amurka da Rasha, Amurkawa suka ga suna bukatar Jamus ta Yamma ta yi ƙarfi. Saboda haka a 1951 aka saki Krupp, aka mayar masa da dukiyarsa. Waɗanda suka yi masa aikin tilas kuwa, da yawa ba su sami diyya ba sai bayan shekaru masu yawa, waɗansu har suka mutu ba su ga ko anini ba.

Daga baya kamfanonin Jamus suka sāke shigowa Nijeriya, da gayyatar Gwamnatin 'yan ƙasa. Julius Berger ya zo a 1965 don gina Gadar Eko, Volkswagen kuma ya buɗe wurin harhaɗa motoci a Ikko a 1975. Sau biyu aka ƙwace musu gine-gine da kaya, amma ba a iya ƙwace sanin aikin da ke kan ma'aikatansu ba, da shi kuwa suka sāke tashi.