Ilimin Gyaran Baya da Hannu: Yadda Ake Koyonsa da Abin da Masana Ke Bincike a Kai

Ciwon baya ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Manomin Dakusa da ya wuni a duƙe yana noman gero ya san shi. Matar da ke jan guga, ta ɗauko jarka mai cin lita 25 a ka, ta dawo gida ta kama taɓarya, ita ma ta san shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma babu ciwon da ya kai shi hana mutane aiki. Wannan bayani zai yi magana a kan wani fannin ilimi da ke kula da ciwon baya ta hanyar amfani da hannu, yadda mutum ke zama malami da mai bincike a cikinsa, da amfanin da mu mutanen karkara za mu samu daga abin da aka gano.

Mene ne kiropraksi?

Da Faransanci ana kiran wannan fanni kiropraksi. Sunan ya fito ne daga kalmomi biyu na harshen Girka, ma'anarsu aikin da aka yi da hannu. Mai wannan sana'a ba ya yin tiyata, kuma a yawancin ƙasashe ba ya rubuta magani. Aikinsa shi ne ya duba mara lafiya, ya gano inda gaɓa ta ƙage, sannan ya danna ko ya motsa ta da hannu cikin ƙa'ida. Yakan kuma koya wa mutum motsa jiki da yadda zai riƙa ɗaukar kaya.

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera kamar tasbaha: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun haɗe da juna a can ƙasa. Tsakanin yawancinsu akwai ɗan matashi na guringuntsi. Ta tsakiyarsu ne laka ta ratsa, wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Saboda haka taɓa ƙashin baya ba abin wasa ba ne. Idan laka ta samu rauni, ƙafafu na iya shanyewa har abada.

Asalin wannan fanni

Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara shi a garin Davenport na ƙasar Amurka a shekarar 1895, ya kuma buɗe makaranta a 1897. Palmer ba likita ba ne. Ya yi iƙirarin cewa kusan dukan cututtuka suna zuwa ne daga gocewar ƙasusuwan baya, kuma idan an mayar da su wurinsu za a warke. Likitocin zamaninsa ba su yarda da shi ba, har ma an ɗaure shi a 1906 bisa laifin yin aikin likita ba da izini ba. Sannu a hankali jihohin Amurka suka riƙa ba masu sana'ar takardar izini, daga jihar Kansas a 1913 har zuwa Luwiziyana a 1974. Faransa ta amince da sana'ar a cikin dokarta ta 2002. A 2005 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin koyar da ita, inda ta ce cikakken ɗalibi yana bukatar aƙalla sa'o'i 4,200 na karatu cikin shekara huɗu.

Abin lura a nan shi ne, ba maganar Palmer ce ta shigar da wannan fanni jami'a ba. Bincike ne ya shigar da shi, kuma binciken nan ne ya rushe babban iƙirarin Palmer ɗin kansa.

Ina ake koyonsa?

A nahiyar Afirka jami'o'i biyu ne suka shahara da shi, dukansu a Afirka ta Kudu: ɗaya a birnin Durban, ɗaya a Johannesburg. A can ɗalibi ba ya fara aiki sai ya kai digiri na biyu, ya kuma rubuta kundin bincike. A Faransa akwai makaranta mai rassa biyu, ɗaya kusa da Paris, ɗaya a Tuluz, inda ake yin shekara biyar bayan cin jarrabawar bakaloriya. A ƙasar Danmak, a jami'ar da ke birnin Odense, ɗaliban wannan fanni suna zama aji ɗaya da ɗaliban likitanci a shekarunsu na farko. Darussan sun haɗa da sanin ƙirar jikin ɗan Adam, aikin jijiyoyi, karanta hoton ƙashi, da gane cutar da ta fi ƙarfin hannu domin a tura mai ita asibiti.

Matakan zama malamin jami'a

Wanda ya gama karatu yana da hanya biyu a gabansa. Ko dai ya buɗe wurin duba marasa lafiya, ko ya tsaya a jami'a ya koyar ya kuma yi bincike. Hanya ta biyu doguwa ce, amma sannu ba ta hana zuwa. Bayan digiri na biyu sai digirin digirgir, wanda ke cin shekara uku ko fiye. A nan ɗalibi zai zaɓi tambaya guda wadda ba a amsa ba tukuna, ya bi ta har ƙarshe a ƙarƙashin kulawar wani shehun malami. Daga nan sai ya riƙa buga sakamakon aikinsa a mujallun masana, inda wasu masanan ke tantance shi kafin a buga.

A Nijar da sauran ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wata hukuma mai suna CAMES ce ke auna malaman jami'a kafin a ƙara musu girma. An kafa ta a Yamai a 1968, mazauninta kuma yana Wagadugu. Matakan huɗu ne: mataimakin malami, babban mataimaki, babban malami, sannan farfesa. Ba yawan shekaru ke kai mutum sama ba, sai yawan ingantaccen binciken da ya buga da ɗaliban da ya yaye.

Misalai biyu za su nuna inda hanyar ke kaiwa. Jan Hartvigsen ya fara ne a matsayin mai gyaran baya, ya koma ya yi digirin digirgir, ya zama farfesa a Odense. Yana cikin jagororin masanan da suka rubuta jerin bayanai a kan ciwon ƙugu a mujallar The Lancet a 2018. Scott Haldeman kuwa ya haɗa gyaran baya da likitancin jijiyoyi, sannan a 2008 ya kafa ƙungiyar World Spine Care, wadda ta buɗe wuraren kula da ciwon baya a ƙasar Botswana, har da ƙauyen Shoshong.

Me suke bincikawa?

Tambaya ta farko ita ce: shin aikin hannun nan yana magani? Ga yadda ake gwadawa. Ana tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni ɗaya a yi musu gyaran hannu, ɗaya kuma a ba su wani maganin daban. Bayan wata ɗaya, wata shida, da shekara guda, sai a gwada a ga wa ya fi samun sauƙi. Ana yin ƙuri'a ne don kada mai bincike ya zaɓi waɗanda dama za su warke da kansu, domin yawancin ciwon baya yakan lafa cikin ƴan makonni ko da ba a yi masa komai ba.

A 2019 wasu masana suka tattara irin wannan gwaji guda 47, waɗanda suka shafi mutum fiye da 9,000 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu. Suka gano cewa gyaran hannu yana rage zafi daidai da sauran hanyoyin da likitoci ke ba da shawara a kai, kamar motsa jiki. Bai fi su ba, ba su kuma fi shi ba. Wato yana da amfani, amma ba abin al'ajabi ba ne.

Tambaya ta biyu: yana maganin wasu cututtukan da ba na ƙashi da tsoka ba? Masana 50 sun taru a birnin Toronto na Kanada a 2019, suka duba binciken da aka yi a kan hawan jini, ciwon mara na al'ada, ciwon kai mai tsanani da kukan ciwon ciki na jarirai. A rahotonsu na 2021 sun ce ba su sami hujjar cewa yana maganin waɗannan ba.

Tambaya ta uku ita ce ta haɗari. Yawanci abin da ke biyo baya ɗan tsamin jiki ne na kwana ɗaya ko biyu. Amma an samu rahoton mutanen da jijiyar jinin wuyansu ta tsage bayan an murɗa musu wuya, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba, kuma har yanzu masana na nazari a kai.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan ciwon ƙugun da ya wuce wata uku. Ta amince da ilmantar da mara lafiya, motsa jiki, tausa da gyaran hannu. Ta ce a guji ɗamarar ɗaure ƙugu, jan baya da na'ura, da ƙwayoyin kashe zafi masu ƙarfi waɗanda jiki ke sabawa da su. Tramol yana cikin wannan dangi.

Hanyar da ke buɗe ga ƴaƴanmu

Yaron Dakusa da ke sha'awar wannan ilimi ba sai ya ƙetare teku zai fara ba. Jami'ar Damagaram, wadda aka kafa a 2010 kuma yanzu ake kira Jami'ar André Salifou, tana da sashen ilimin kiwon lafiya, haka ma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Akwai kuma makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ƙasa a cikin birnin Damagaram. Fannin da ya fi kusa da gyaran baya shi ne wanda masu Faransanci ke kira kine, mutanen Kano kuma ke ce wa gashin ƙashi. Ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, garin da ke da asibitin ƙashi na Dala tun 1959. Tushen duk wannan shi ne yaro, mace ko namiji, ya tsaya a lakwal ya riƙe lissafi da kimiyya har ya ci bakaloriya.

Yawancin gwaje-gwajen da muka ambata an yi su ne a Turai da Amurka, inda rayuwa ta bambanta da tamu. Tambayoyinmu suna nan suna jiran masu amsa su. Tsakanin fartanya mai gajeriyar ƙota da hauyar tsaye mai doguwar ƙota, wacce ta fi wahalar da ƙugu? Nauyi nawa ya kamata yarinya ƴar shekara goma ta ɗauka a ka? Mene ne doguwar tafiya a kan babur ke yi wa bayan ɗan kabu-kabu? Wanda ya tashi a cikinmu, yana jin harshenmu, shi ya fi dacewa ya binciko waɗannan.

Maɗora da likitoci

Tun kafin a haifi Palmer ƙasar Hausa tana da masu aiki da hannu. Maɗori yana gadon sana'arsa daga iyaye, yana ɗora karaya da karare, yana gyara targaɗe, kuma shi ne mafi kusa da mai rauni a ƙauye. Abin da ba shi da shi shi ne hoton da zai nuna masa cikin ƙashi. Likitocin ƙashi a Nijar da Najeriya sun sha ganin hannun da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudana, naman ya mutu, ya zama dole a yanke. Saboda haka wani babban fagen bincike shi ne yadda maɗora da likitoci za su haɗa kai, kowa ya san iyakarsa. Idan an ɗora wa ɗanka hannu, ka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, ko ba ya jin taɓawa, a sassauta ɗaurin nan take a tafi gidan likita. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa, ta asibiti ce tun daga farko.

Lokacin da bai kamata a taɓa baya ba

Kada ka yarda kowa ya danna ko ya taka maka baya, ko da mai takardar shaida ne, idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ciwon ya zo ne bayan faɗowa daga itace, amalanke ko babur.
2. Akwai zazzaɓi, rama, zufar dare ko tarin da ya daɗe.
3. Wani ƙusumbi ya fara fitowa a gadon baya.
4. Ƙafafu suna yin nauyi ko suna mutuwa.
5. Fitsari ko bayan gida yana kubcewa, ko kuwa ya ƙi fita.
6. Mai ciwon ƙaramin yaro ne, ko tsoho mai raunin ƙashi.

Alama ta biyu da ta uku suna iya nufin tarin fuka ya shiga ƙashin baya. Wannan cuta tana cinye ƙashi a hankali, kuma danna shi na iya ƙarasa karya shi. Tana da magani, kuma a Nijar maganin tarin fuka kyauta ne a gidajen likita na gwamnati. A fara da gidan likita mafi kusa, su ne za su tura mutum babban asibitin ƙasa na Damagaram idan da bukata.

Abin da ya kamata a riƙe

Idan ciwon bayanka ba shi da waɗannan alamomi, kada ka kwanta kwana da kwanaki. Ka rage aiki mai nauyi, amma ka ci gaba da tafiya da ƙananan hidimomi. In za ka ɗaga buhu, ka durƙusa da gwiwa, ka manna shi da jikinka, kada ka murɗa ƙugu. Idan wani ya zo kasuwa yana cewa zai warkar da hawan jini, ciwon suga ko rashin haihuwa ta hanyar gyaran baya, ka tambaye shi inda ya yi karatu da hukumar da ta ba shi izini, ka kuma riƙe kuɗinka. Matambayi ba ya ɓata. Masanan fannin da kansu sun gwada sun faɗi inda hannu ke aiki da inda ba ya yi, kuma sanin wannan iyaka shi ne amfanin farko da binciken ya kawo mana.